Rabin Ƙyallen Malam Sallau

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayenshi da sahabbanshi.

Wakilin magajin garin Malanville, barka da zuwa. Malam Liman, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Delege mai unguwarmu, Sarkin Kasuwa, Sarkin Ruwa da mutanenshi, malamai da dattawa. Baƙinmu da sunka ƙetaro gada daga Gaya, sunka sha tsayuwa cikin rana wurin duwan masu binciken kaya a kan iyaka, da waɗanda sunka taso daga ƙauyukanmu na Gene da Tumbutu. Alhaji Abdurazak, babban gida, wan mamaci. Zuwaira ƙanwarshi, da sauran iyayenmu mata da ke bayan zana suna saurare. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Hambali, mai albasa. Wanda bai san ni ba ya san warin rumfata, don tana jingine da shagon marigayi Malam Sallau tun muna da baƙin gashi. Ni ba malami ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Alhaji Abdurazak ne yac ce in tashi in yi magana da yawun jama'a, tunda ni nif fi kowa zama kusa da ƙanenshi. Na gode mishi, kuma ina roƙon shi gafara tun yanzu, don zan yi amfani da damar da yab ba ni in roƙe shi abu guda a gaban mutane.

Yau sadakar arba'in. Gobe, in Allah ya kai mu, za a raba abin da Sallau yab bari. Cikin abin da yab bari akwai wani babban ƙyalle, rabinshi wankakke, rabinshi da laka a jiki, shina nan jingine cikin ɗakinshi bayan bangon ga da nike nunawa. An yanke shawara gobe da safe a kai shi gulbi a ƙarasa wankewa, a bayar sadaka. Roƙona kada a yi hakan. Amma ba za ku ga dalili ba sai na gaya muku wane ne mai ƙyallen.

Ya kasance maɗinki, kuma maɗinkin da ba a yi mishi gardama. Waɗanda sunka girma garin ga sun tuna yadda shagonshi ke cika in salla ta matso. Alhazan Gaya kan ƙetaro da shaddarsu su wuce maɗinka goma su kawo mishi, shi kuwa shi duba mutum sama da ƙasa, ko awo bai yi ba, shi ce, "Komo ran Laraba." In yay yi maka aska a gaban riga, kana shiga masallaci sai ka ji ana leƙen ƙirjinka.

Ya kasance mai ɗinka muna likkafani. Babu unguwa a Malanville da ba a kai aikin hannunshi maƙabarta ba. Ko shina tsakar rigar ango anka shigo mishi da farin ƙyalle, sai shi ture rigar gefe shi ce, "Wanga ya fi gaggawa." Kuma bai taɓa buɗe hannu ya karɓi komi a kai ba. In anka matsa mishi sai shi ɓata rai.

Ya kasance namu ranar wahala. Shekarar da gulbi yac ci gonakin shinkafa yash shigo unguwanni, mutane sunka tare a lakwal, wato makarantar boko, da filin ƙwallo, mata da jarirai ba inuwa, Sallau ne yab bi kasuwa rumfa rumfa shina tattara tsofaffin buhuna. Nawa ma bai tambaye ni ba, kwasa yay yi. Yaz zauna kan keke shina haɗa su, kekenshi na kuka daga safe har magariba, har anka samu rumfunan da anka fake. Akwai mutane zaune nan da sunka yi wata a ƙarƙashin buhun albasata, suna zagina saboda wari suna sa mishi albarka.

Wannan Sallau kowa ya san shi, kowa na son shi. Akwai Sallau na biyu, wanda gari bai san inda zai aje shi ba, kuma shi ne yaz zauna da mu shekarun ƙarshe.

Matarshi Laila ta rasu, Allah shi jiƙanta, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Munka yi ta cewa shi sake aure, yay yi ta murmushi. Abin da munka gani kawai, in la'asar ta yi sai shi rufe shago shi gangara bakin gulbi. Munka ɗauka kewa ce ke kai shi, kuma kewar ce. Sai dai ba shi dawowa hannu wofi. Yau ɓawon kuka, gobe guntun tsohon taru da masunta sunka yar, jibi laka cikin ƙwarya. Wata rana ina share gaban rumfa yat tare tsintsiyata da ƙafa.

Yac ce, "Hambali, kada ka zubda ɓawon albasar ga."

Nic ce, "Sallau, akuya kas saya ba ka hwaɗa min ba?"

Yac ce, "Launi nike so. Kai shekara nawa kana zubda zinariya cikin kwata."

Daga nan aikin yas soma. Zan faɗi yadda shike yi, don da yawa cikinmu sun yi shekaru suna wuce ƙofar ba su taɓa leƙawa ba. Shikan dafa ɓawon albasa shi samu ruwan ɗorawa. Shikan jiƙa bagaruwa da tsofaffin ƙusoshi shi samu baƙi. In ruwa ya janye fadama ta tsattsage, sai shi shimfiɗa farin ƙyalle a kai, shi bi shi da tafin hannu har tsagar ƙasa ta fito jikinshi, sannan shi komo shago shi bi kowace tsaga da allura. Shikan dama laka da ƙaro, wato danƙon itace, shi shafa, shi manna ƙaiƙayin shinkafa, zaren rama, kaba, ɓawon kifi. Wani ƙyallen ma sai shi binne shi kusa da gidan gara, shi bar su su ci rabonsu, shi tono shi ɗinke bakin ramukan. Nic ce mishi duk garin ga shi kaɗai ne yaɗ ɗauki gara aiki. Yac ce sun fi wasu masu koyon ɗinki natsuwa.

Ni na gaya mishi gaskiya ban gane ba. Ba riga ba, ba zanen ɗaurawa ba, ba abin shimfiɗa ba. Sai yac ce in rufe ido. Yak kama hannuna ya aza a kan wani ƙyalle yac ce, "Ina ne nan?" Ina shafawa sai nij ji ƙafata ce ke tunawa. Nic ce, "Fadamar Tumbutu, bayan an yanke shinkafa, inda ƙasa ke yankan dunduniya." Jama'a, ban taɓa ganin dattijo ya yi murna irin ta ranar ba. Har shayi yas sake ɗorawa. Yac ce min shadda santsi gare ta, hannu na wucewa bai tuna komi, shi kuwa abin da hannu zai tuna shike so shi ɗinka.

Gari kuwa yay yi abin da gari kan yi. Wasu sunka ce mutuwar Laila ta taɓa mishi kai. Wasu sunka ce aikin iskokin ruwa ne. Mai shadda ba shi kai kayanshi inda ake jiƙa laka, wannan kowa ya sani, don haka alhazai sunka janye ɗaya bayan ɗaya. Abin da yar rage mishi kakin 'yan lakwal da likkafani. Masu kabu-kabu da kan tsaya ƙofarshi shan inuwa sunka koma gaba saboda ƙarnin taru. Bencin da ke cika da 'yan hira yaz zama ni da shi, in kuwa na bi mota Paraku da albasa, shi kaɗai.

An taɓa zuwa daga Kwatano anka ɗauki wasu ayyukanshi anka kai wani babban zaure, anka kira shi yaj je. Munka ce to, yau Sallau ya samu masu gane shi. Yad dawo da kayanshi, ba fara'a. Nit tambaye shi ko wulaƙanci anka yi mishi. Yac ce a'a, an girmama shi ƙwarai, an ba shi kujera, baƙi daga ƙasashe sun tsaya sun daɗe suna kallo. "Amma Hambali, sun rataye su sun ja igiya a gaba, wai kada a taɓa. Kuma ko sun taɓa, mi za su tuna? Ba su taɓa taka fadamar ga ba." Daga nan bai sake yarda an fita da komi ba. Yat tara su cikin ɗakinshi, ɗaya kan ɗaya.

Alhaji Abdurazak, zan faɗi alherinka a gaban jama'a don kada wani shi juya maganata. Ba ka taɓa barin ƙanenka da yunwa ba. Kullum kwano na zuwa daga gidanka, rana da dare, ruwa ko iska. Ka yi mishi tayin ɗaki a gidanka. Da ciwo yak kama shi kai kaɗ ɗauke shi zuwa gidan likita, kuma a hannunka yac cika. Wanga duk mun shaida. Sai dai kwanon kan tsaya bakin ƙofa, a ɗauki na baya a juya. Sau guda yak kira ka ka ga aikinshi. Ranar Juma'a ce, kana cikin farar riga, kat tsaya daga waje kac ce sai wani lokaci. Ba laifi kay yi ba, kowa cikinmu da farar riga haka zai yi. Shi kuma kunyar wa ta hana shi sake kira. Abin da yac ce min da yammar nan shi ne, "'Yan Kwatano sun gani, kai ma ka taɓa. Ni ɗan ɗakinmu guda nike so shi shigo shi aza hannu." Wannan ne kaɗai burin da nit taɓa jin ya faɗa da bakinshi, kuma yar rasu bai samu ba.

Yanzu ga abin da yaf faru ranar sadakar uku. Wasu sun ji rabi, wasu sun ji an ƙara gishiri.

Al'adarmu ce, kuma al'ada ce mai kyau, ba a raba tufafin mamaci ko a bayar sadaka sai mata sun wanke su tas. Gidan mutunci ba shi fitar da dauɗa. Muna nan waje mu maza muna karɓar gaisuwa, Zuwaira da matan gida sunka buɗe ɗakin. Ba su taɓa shiga ba. Sunka tarar da ƙyallaye jibge har kusan rufi, duk laka, duk ƙaiƙayi, wasu da ramukan gara, ga ƙarnin kifi. Matan sunka fashe da kuka. Zuwaira tac ce, "Ashe haka ɗan'uwana yaz zamna cikin ƙazanta, ba mai wanke mishi ko tsumma, muna nan da rai?" Kunya da tausai sunka kama su. Sunka ce kafin gari shi gani, bari su rufa mishi asiri. Sunka ɗaure kayan, sunka fita ta ƙofar baya, sunka nufi gulbi da sabulu.

Ina zaune nan wurin da Malam Liman shike yanzu, sai ga Hamani masunci, ga shi can cikin mutanen Sarkin Ruwa, ya zo da sauri ko takalmi babu. Yar raɗa min, "Taso. Ruwa ya sake launi ƙasa da mashaya, ja da baƙi da ɗorawa. Kayan Sallau ne." Ban san sanda nih hau kabu-kabu ba.

Na isa an makara. Duk ciyawar bakin gulbi ta yi fari da shanya. Sun wanke, sun buga kan dutse, sun tsince kaba da zaren taru da farce, kamar yadda ake tsince tsakuwa cikin shinkafa. Aikin shekaru ya koma tsummoki masu tsabta. Kuma Allah ya sani da ƙauna sunka yi shi, hannuwansu har sun yi jawur. Ba ni da bakin da zan zarge su, kuma ina roƙon kada kowa shi zarge su.

Saura guda, mafi girma. Rabinshi na cikin ruwa, lakar na narkewa tana bin gulbi. Ɗaya rabin na kan cinyar Zuwaira, ta aza tafin hannu a kai, ba ta motsi. Nic ce, "Zuwaira, lahiya?" Ba ta ɗago ba. Tac ce, "Malam Hambali, wanga bangon ɗakin Inna ne."

Nic ce wace Inna. Tac ce mahaifiyarsu. Tac ce a tungarsu, ɗan ƙauyen da ke hayin Gaya, duk shekara bayan damina Inna kan yi wa ɗakinta yaɓe da hannu, ita Zuwaira tana yarinya tana miƙa mata laka. Inna na da yatsa guda da taɓarya tat taɓa karyawa, yaƙ ƙage bai miƙewa, saboda haka duk inda tash shafa sai ka ga layi ukku, da gurbi, da layi guda. "Ga shi nan," tac ce. "Ga shi nan kuma. Hannuna yas san shi tun idona bai gani ba. Kuma na wanke rabi."

Hamani na tsaye bayana, sai yac ce shi yak kai Sallau cikin jirginshi. Bayan ambaliyar nan tungar ta watse, ɗakin tsohuwar ya rage ba rufi, bango guda tsaye shina jiran damina ta gaba. Sallau yash shafe ƙyalle da ƙaro, yam manna a bangon, yaz zauna har yab bushe, sannan yaɓ ɓanɓaro shi a hankali, fatar yaɓen ta biyo ƙyallen. Da ruwa yad dawo bangon yaf faɗi. Yau ko tushen ɗakin babu, wurin ya zama gulbi. Ba kwaikwayo ba ne, jama'a. Lakar da tsohuwar tad dama ce, da sawun yatsunta.

Munka fitar da shi daga ruwa, munka shanya a inuwa, munka mai da shi ɗakin. Tun ranar Zuwaira ba ta iya faɗa wa wanta abin da tag gane ba. In ta buɗe baki sai kuka, don a ganinta ita taw wanke hannun uwarsu. Ni na je gidan Alhaji in yi bayani, yac ce maganar tsummokin nan ta ƙare, kada a sake tada ta. Kuma na gane dalilinshi. Ya gaji da jin ana cewa ƙanenshi ya taɓu, shina so a wanke abin a bayar, bakin mutane shi mutu, a bar Sallau da sunan maɗinki mai likkafani. Kare mutuncin ƙane ne, ba ƙiyayya ba. Haka nid dawo. Amma gobe ne goben, kuma Zuwaira ta aiko min jiya tac ce, "In ba ka hwaɗi ba, ba mai hwaɗi."

Zuwaira, ki ji ni daga bayan zanan nan. Ki bar cewa kin ɓata. Shekaru yay yi shina jiran ɗan ɗakinsu shi aza hannu shi gane, kuma ke kinka aza kinka gane, ba wanda yaf faɗa miki. Kin zo bayan ya tafi, wannan hukuncin Allah ne, ba naki ba. Da ba ki kai shi gulbi ba, da har yau tsumma ne cikin tsummoki.

Mu kuma mutanen garin ga, mun yi rashin maɗinki, mun yi rashin mai likkafani, mun yi rashin mutumin da yad dubi ƙasar da muke takawa kullum yag ga abin adanawa a cikinta. Fadamar Tumbutu da yaɗ ɗinka ta bi ruwa. Ɓawon kukar bakin mashaya ya bi ruwa. Duk abin da zai nuna wa na baya irin aikin da yay yi, rabin ƙyallen ga ne kawai.

Alhaji, babban gida, kai ke da iko, ba mai ƙwace maka. Ba ni cewa ka yarda da maganar mai albasa. Ba ni cewa ka rataye shi a zaure ko ka kai shi Kwatano. Abu guda nike roƙo, don zumunci, don Allah: kafin a kai shi gulbi, ka shiga ɗakin nan da kat tsaya bakin ƙofarshi, ka rufe ido, ka aza hannu a rabin da yar rage. In hannunka bai san komi ba, ni da kaina zan ɗauka in kai wa mata gobe, in sayi sabulun.

Ina godiya ga wakilin magajin gari da yab bar aikinshi yaz zo. Ina godiya ga Malam Liman da malamai da sunka sauke Alƙur'ani tun safe, ga Sarkin Kasuwa da yas sa anka rufe layin maɗinka yau, ga Sarkin Ruwa da mutanenshi, ga matan unguwa da sunka yi ta tuƙi da rabo, ga baƙinmu na nesa...

Jama'a, Alhaji ya tashi. Ku ba shi hanya. Ku janye tabarmar nan. Kada kowa shi bi shi, don Allah, ko ku matan. Ƙofar a buɗe take, Alhaji, shina jingine hannun dama.

Mu kuwa mu ɗaga hannu. Allah ka jiƙan bawanka Sallau, ka gafarta mishi, ka yalwata kabarinshi, ka haskaka shi. Ya suturta matattunmu, ka suturta shi da rahamarka. Ya daɗe shi kaɗai a cikinmu, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai a can. Ka sada shi da Laila da mahaifiyarshi cikin aljanna. Ka sanyaya zuciyar Zuwaira. Ka ba Alhaji Abdurazak haƙurin abin da zai tarar. Mu da munka rage, ka kyautata ƙarshenmu, ka mai da baƙinmu gidajensu lafiya.

Malam Liman, ga Fatiha a hannunka. Ka ja ta a hankali, kada ka yi sauri. Alhaji bai fito ba tukuna.